Baba, 2009

Grema Bunu taubashina ne. Uwata ƙanwar ubansa ce, don haka ina da damar faɗar abin da ko matarsa ba za ta iya faɗa a kansa ba. Tun da na ajiye alli na bar koyarwa, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa a nan Difa, ita ma gajera, idan ya yi tari ina ji. Mutumin kirki ne, wannan ba na ja. Ba ya cin haƙƙin kowa, sallar asuba ba ta wuce shi a masallaci, kuma duk wanda ya zo masa da ganyen shuka mai ciwo sai ya tashi ya bi shi har gona. Amma Allah ya jarrabce shi da mutum ɗaya tak a duniya, kuma kishin mutumin nan ya cinye masa fiye da rabin rayuwa.

Sunan mutumin Baba Kalli. Sunan kakansa aka mayar masa, shi ya sa tun yana goye ake ce masa Baba, har abin ya bi shi takardun lakwal, wato makarantar boko. Grema ya ce shi kam ba zai buɗe baki ya kira sa'ansa Baba ba, sai ya riƙa ce masa ɗan Kalli, mu ma muka ɗauka. Damina ɗaya aka haife su a Barwa, can wajen Boso, gonakin tattasan iyayensu na jingine da juna a bakin kogin Komadugu. Benci ɗaya suka zauna. Kusan kullum Grema ke zuwa na ɗaya, ɗan Kalli na biye da shi. Sai ranar babbar jarrabawa, wadda da ita ake zaɓen masu tafiya karatu waje, Grema ya tashi da zazzaɓi. Ɗan Kalli ya samu bursu, wato tallafin karatu, ya hau jirgi, Grema ya hau mota zuwa makarantar noma ta kusa da Yamai. Labarin zazzaɓin nan na ji shi har na haddace. Abin da na lura kawai, kowace shekara ƙara zafi yake yi. Da farko ciwon kai ne da ɗan sanyi, yanzu ya kai ga ɗaukarsa aka yi aka shigar da shi ɗakin jarrabawa.

Ya dawo ya kama aiki a sarwisin noma, malamin gona, yana kan babur tsakanin Difa da Tumur da Barwa, rana da iska suka mayar da shi kamar busasshen kifi. Daga baya ya koma karatu da furfurarsa ta farko, ya samo takardar injiniya. Ranar da ya dawo da ita muka ji ɗan Kalli ya zama dokta. Da Grema ya gama ginin gidansa, ɗan Kalli ya zama farfesa a Yamai. Duk inda Grema ya kai da numfashi sama-sama, sai ya tarar da sawun wancan ya riga ya wuce. Idan aka sako muryar ɗan Kalli a rediyo yana bayani kan tattasan Difa, Grema sai ya kashe rediyon ya zauna yana huci. Can an jima ya leƙo ta katanga ya tambaye ni me ya ce.

Abu ɗaya Grema ya riƙe wanda ɗan Kalli bai riga shi ba. Akwai wata cuta da ke naɗe ganyen tattasai har shuka ta tsaya ba ta ba da komai, wasu ƙananan fararen ƙwari ke yawo da ita. A yawonsa na babur ya lura da wata gona a Barwa da cutar ba ta cika kamawa ba, alhali maƙwabtanta duk sun kwanta. Mai gonar ya bar layukan masara ta gefen da iska ke shigowa, ba don wata dabara ba, don yaransa su samu abin gasawa. Grema ya ce a ransa ko masarar ce ke tare ƙwarin. Ya roƙi manoma suka ba shi gefen gonakinsu, ya shuka, ya auna, ya sake aunawa shekara bayan shekara, sannan ya rubuta maƙala. Wata ƙaramar mujalla ta buga ta a 2009. Shafi kaɗan ce. Ya sa ta a gilashi ya rataye a zaurensa, daidai inda baƙo zai gani kafin ya gama cire takalmi.

A wurin masu bincike, kamar yadda ya sha koya mini ko ban tambaya ba, arzikin mutum shi ne wani ya rubuta sunansa da shekara a cikin baka biyu a tasa maƙalar, wato daga wurin wane na samo wannan, sannan a ƙarshe a jero cikakken bayanin a manazarta. Mu kuma ba mu da sunan zuriya irin na Nasara, sunan da ya zo gaba masu mujalla ke ɗauka. To duk maƙalar da ka buɗe kan tattasan kwarin nan, sai ka ci karo da Baba shekara kaza, Baba shekara kaza, kamar an watsa gero. Grema kuwa shekara ta bi shekara babu wanda ya sa shi a baka biyu, ko da kuskure. Ya yi niyyar sake aunawa ya rubuta ta biyu wadda ba za a iya tsallakewa ba. Sai fitina ta zo a 2015, mutanen Barwa suka watse, gonakin gwajinsa suka koma daji, har sayar da tattasai aka hana na wani lokaci. Ya yi ritaya da maƙala ɗaya, da sunan da yake jiran wani ya kira.

Bayan ritaya ne wata mujallar kimiyyar noma da ake bugawa a Yamai ta neme shi. Suna son wanda ya san ƙasar Komadugu ya riƙa duba musu takardu kafin a buga. Yadda abin yake, edita zai cire sunan marubuci ya aiko wa mai tantancewa, shi kuma ya karanta ya rubuta rahoto, a buga ko a gyara ko a mayar. Marubuci bai san wa ya duba ba, mai dubawa bai san wa ya rubuta ba. Suka aiko masa da sharuɗɗansu, ya karanta mini su da murya irin ta mai huɗuba. Takardar amana ce, ba a nuna wa kowa. Idan ka gane mai ita, ko kana zargin ka gane, kuma akwai so ko ƙi a tsakaninku, ka mayar a ba wani. Kada kuma ka zauna a kanta, don akwai mai jira. Ba a biyan ko sisi, amma ban taɓa ganin abin da ya ɗaga Grema kamar wannan ba. Ya sayi sabon tabarau. Idan takarda ta zo ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Kuma gaskiya ya yi aikin da kyau, yana da tsanani amma ba ya zalunci, har editan ya taɓa rubuto masa cewa rahotonsa makaranta ne.

A cikin gidan nasa akwai Munira, matar ɗansa Sufyan. Ƴar mutanen Maine ce, ubanta Malam Zakariya'u. Tana aiki da wani furoje, wato shirin tallafi, a Asaga, wajen matan da gudun hijira ya zaunar a bakin hanya suna ɗan noman lambu, kuma ta yi rajistar doktora, wato digirin dokta, a Damagaram. Yarinya ce mai boko har wuya, amma kunya kamar wadda aka raina a ɗakin kaka. Ba ta taɓa kama sunan surukinta ba. Mai shagon bakin layinmu ma Grema sunansa, ita sai dai ta ce shagon mai sunan Baba. Ita ke share zaure kowace safiya kafin ya dawo daga masallaci, ita ke kai masa abinci ta durƙusa ta ajiye ta fita. Shi ma bai taɓa tambayarta a kan me take karatun ba, a ganinsa suruki ba ya zaman hira da matar ɗansa. Abin da ya sani kawai, tana wani abu kan lambunan mata.

Wata safiya da hantsi, lokacin da aka shanya tattasai ko'ina ya yi ja, ya leƙo ta katanga ya ce in zo. Na tarar da shi a zaure da takardu a cinya. Sharaɗi na farko ya karya a nan take, don tun ban zauna ba ya fara karanta mini. Wani ne ya gwada layukan masara a ƙananan lambuna a bakin Komadugu, ya auna, ya samu abin da Grema ya samu. Na ce masa ai abin murna ne. Sai ya ɗora yatsa a kan wani layi, sannan ya buɗe shafin ƙarshe ya ɗora a kan wani.

"Aliya, duba nan da kyau. Take nawa ne, shafi nawa ne, shekara tawa ce. Sunan wa ke gaba?"

Na sa tabarau na duba. Take nasa ne kalma da kalma, irin wanda ke rataye a saman kanmu. Na ce masa Baba aka rubuta.

"To kin gani. Bursu ya ɗauka na yi shiru. Yanzu masarar tawa ma ya zo ya girbe."

A wurinsa magana ta ƙare. Ko ɗan Kalli ne da kansa ya rubuta, ko wani ɗalibinsa mai neman fada ya kwashi aikin Grema ya miƙa wa ubangidansa. Ni ma haka na ɗauka, don wane Baba kuma ake da shi a harkar tattasai? Amma na tuna masa sharaɗin da shi da bakinsa ya karanta mini. Na ce alƙali ba ya yanke shari'ar gonarsa, ya mayar da takardar, ya gaya wa edita cewa aikinsa ne aka taɓa, kuma yana zargin wanda ba sa ga-maciji da shi. Ya ce idan ya mayar, hannun mutanen ɗan Kalli za ta faɗa, ta wuce salin-alin. Na ce to ya rubuta ƙorafi da sunansa a fili. Ya ce ni malamar firamare ce, me na sani a harkar mujalla. Na ji haushi ƙwarai, na tashi na bar masa zaurensa.

Bai mayar ba, kuma bai rubuta rahoto ba. Zama ya yi a kanta kamar kaza a kan ƙwai. Tattasai ya bushe aka zuba a buhu aka kai kasuwa, sanyi ya wuce, zafi ya shigo har ana kwana a tsakar gida, takarda na nan a kan teburinsa. Edita ya aiko yana tuni, Grema ya ce yana kan dubawa. Ni ya gaya mini gaskiya, so yake mai ita ya ɗanɗani jira kamar yadda shi ya ɗanɗana. Kullum sai ya ɗauko ta ya sake karantawa yana neman inda za ta karye, bai samu ba. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Aikin ya yi kyau, ya ma fi nasa, lambuna sun fi yawa, lissafi ya fi tsabta. Sai ya ce mini ai dole, mai furoje da mota da kuɗin Turawa me zai hana shi. A ƴan watannin nan Munira ta rame, kullum idonta a kan waya, ba ta cin abin kirki. Meram matar Grema ta fara yi mini raɗa cewa ko jika ne ke tafe.

Da edita ya matsa, Grema ya zauna ya rubuta. Ya kira ni ya karanta mini duk da ina fushi da shi, don daɗin abin ba ya cika sai da mai sauraro. Akwai wata magana da yake yawan yi idan aka ci amanar wani, ya sha wahala kafin ya juya ta zuwa Faransanci, amma ya ƙi barinta. Ya rubuta cewa mai wannan takarda ya shiga gonar wani ya tsinki tattasai, ya zuba a buhun ubangidansa ya kai kasuwa. Ya ce a mayar da ita, kuma a sanar da jami'ar marubucin cewa an sauya sunan mai aiki da gangan. Ko da kalma ɗaya bai ambata cewa gonar da aka shiga tasa ba ce. Ranar ya ci tuwo har da ƙari.

Ba a daɗe ba, wata la'asar ina tsintar shinkafa, Munira ta yi sallama ta shigo. Ba ta zauna a kujera ba, a ƙasa ta zauna kusa da ƙafata, ta miƙo mini waya. Saƙo ne daga editan wata mujalla a Yamai. An mayar da maƙalarta, ana tuhumarta da ɗaukar aikin wani ta jingina wa wani, kuma za a rubuta wa malamin da ke duba doktorarta. Ta ce ba a barin ɗalibi ya tsaya kare digirinsa sai ya buga maƙala, wannan ce tata, kuma ko an yafe mata jinkiri, sunan ɓarauniya ba ya wankuwa a wannan harka. Na ja rahoton ƙasa da yatsa ina karantawa. Da na iso kan buhun ubangida, sai na gane rahoton Grema ne.

Na tambaye ta wane ne Baba. Ta sunkuyar da kai ta nuna katanga da haɓa.

"Goggo, hannuna ne ya ƙi. Na zo rubuta sunan sai na ji kamar ina kiran shi a tsakiyar kasuwa. Na ce bari in sa Baba, in mai gidan ya dawo daga Gigimi ya gyara mani. Daga nan idona ya saba, ban ƙara ganin shi ba."

Ta ce malaminta ya karanta bai ce komai ba, ya ɗauka Baban da kowa ya sani ne. Ta ce tun farko ma a zauren surukin nata ta samo abin da za ta yi bincike a kai. Kullum tana goge gilashin, wata rana ta tsaya ta karanta, ta ce a ranta wannan zai yi wa matan Asaga amfani, tunda ba su da kuɗin magani. Ba ta gaya masa ba, so take sai an buga ta kai masa da sunansa a ciki, ya gani da idonsa. Ba ta san wa ya rubuta rahoton ba, ni ma ban faɗa ba. Na ce ta je ta wanke fuska. Na ɗauki mayafi, ban leƙa ta katanga ba, ta ƙofa na zagaya.

Yana zaune a ƙarƙashin gilashinsa yana jan carbi. Na gaya masa komai, ban rage ba. Carbin ya tsaya. Har na fara jin tausayinsa. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Wato malamin nata ma ya ɗauka na ɗan Kalli ne?"

A nan raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi da shi ba tun muna yara. Na ce masa yarinya na can za a kira ta ɓarauniya, shi yana nan yana lissafin ɗan Kalli. Na ce tun da ya rataye takardar nan mutum ɗaya ne a duniya ya tsaya ya karanta ta, ya yarda da ita, ya ɗauke ta ya kai gona, kuma shi ne wanda ya zaɓa ya yanka. Na ce ɗan Kalli bai taɓa shiga gonarsa ba, shi ne ya ɗauko ɗan Kalli ya ajiye a ƙirjinsa yana ciyar da shi shekara da shekaru. Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba. Taubasantaka ta yi mini rana, don da wata ce da ya kore ta.

Hanya biyu ce a gabansa, kuma ya san su sarai. Idan ya yi shiru, babu wanda zai san shi ne, kujerarsa ta mai tantancewa na nan. Munira za ta iya rubuta bayaninta, amma wa zai ɗauki labarin kunya a kan rahoton mutumin da edita ke ce wa makaranta? Idan kuma ya yi magana, dole ya faɗi yadda aka yi ya san mai takardar, kuma daga nan sauran duk za su biyo. Ya yi kwanaki yana juya abin. Munira na kai abinci ta durƙusa ta ajiye, faranti na dawowa kamar yadda aka kai shi. Meram ta ce ko zazzaɓi ne, na ce mata e, tsohon zazzaɓinsa ne ya tashi.

Daga ƙarshe ya rubuta, kuma da ya tashi bai ɓoye komai ba. Ya gaya wa edita cewa aikin da aka ambata nasa ne kuma bai faɗa ba, ya yi zargin wani da yake ƙi kuma bai janye ba, ya riƙe takardar da gangan, sannan marubuciyar matar ɗansa ce, Baban da ta rubuta shi ne. Har ni ya saka a ciki, wai ya karanta wa wata tsohuwar malama maƙwabciyarsa. Kalmar tsohuwa ce kawai ban yafe ba. Amsa ta zo da ladabi. Edita ya gode masa, ya janye rahoton da tuhumar, ya cire sunansa daga cikin masu duba wa mujallar takardu. Ni a ganina shi ma editan da nasa laifin, ya kamata ya tambayi yarinya tun farko kafin ya ɗaga mata sanda. Amma ba a tambaye ni ba.

Aka aika da takardar yadda take ga wani mai tantancewa. Wannan karon ba a daɗe ba rahoto ya dawo, Munira ta kawo mini. Mai shi ya ce tun ranar da takardar ta iso ya sanar da edita cewa akwai sunansa a ciki, ya tambaya ko ya janye, aka ce ya ci gaba, shi kuma ya nemi a bar sa hannunsa a fili. Sannan ya rubuta: "Aikin 2009 da aka jingina wa Baba ba nawa ba ne. Na Grema Bunu ne, na san gonakin da ya auna, kusa da ta mahaifina suke. Ni kaina ya kamata in ambace shi tuntuni, ban yi ba. A mayar masa da sunansa." A ƙasa ya jero gyare-gyare, har da wani kuskure na gaske a teburin lissafi, wanda Grema ya yi watanni yana kallo bai gani ba, saboda idonsa na kan baka biyu. A can ƙarshe aka sa Baba Kalli.

Sauran gyaran Munira ta yi da kanta. Da aka zo kan sunan, ta ɗauko ordinatarta, wato kwamfuta, ta shigo gidana, ta juyo mini ita, ta kau da kai tana kallon randa. Ni da na fi shekara sittin ina kiran sunan nan, sau da yawa ma da zagi a gaba, da yatsa ɗaya na danna shi duk inda Baba ya fito. Ko ta san wa ya rubuta rahoton farko, ban sani ba. Edita bai faɗa mata ba, ni ma haka. Amma maganar buhun ubangida ta sha jin ta a gidan nasu, kuma ba yarinya ba ce marar wayo. Ba ta taɓa tambaya ba, tana nan tana share zaure.

Ruwan Komadugu ya iso, mutane na zuwa bakin gada kallo, sai maƙalar ta fito. Munira ta buga ta a takarda, ta ɗora a faranti kusa da kwanon fura, ta durƙusa ta ajiye ta fita kamar kullum. Can sai na ji yana kirana ta katanga. Na tarar da shi da sabon tabaraunsa, yatsansa a kan layin, Grema, 2009, a cikin baka biyu. Ya daɗe yana kallo. Na ce masa barka, ga abin da yake jira ya zo har zaure.

Bai ɗago ba ya ce, "Ɗan Kalli ne ya ba ni. Ko gaskiyar ma sai da ya hi ni iya faɗa."

Na ce ba haka ba ne, wannan karon shi ya riga, shi ya fara rubuta wa edita, kuma shi ya biya da kujerarsa, ɗan Kalli bai rasa komai ba.

"Ni sai da kika zage ni, Aliya. Shi wa ya zage shi?"

Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, bai sa ta a gilashi ba har yau. Munira ta kare digirinta a Damagaram, shi ya fara zuwa tashar mota tarbarta, ya tsaya nesa kaɗan kamar ya zo wani abu daban. Kowace safiya bayan ya dawo daga masallaci yana buɗe wayarsa ya duba ko an aiko takarda daga Yamai, sannan ya mayar da ita aljihu. Jiya ma an sako ɗan Kalli a rediyo, na ji ya kashe, na zauna kusa da katanga ina jiransa.